SAKAMAKO YA FITO, YANZU INA AKA NUFA?

Muna gaishe ka, kai uba, da ke uwa, da kai ɗan makaranta, da ke 'yar makaranta, dukanku mazauna New Bell da sauran unguwannin Hausawa na birnin Duwala. Maganarmu ta yau a kan sakamakon jarrabawa ce, da abin da ya kamata gida ya yi bayan fitarsa.

Ka sani a ƙasar Kamaru akan yi manyan jarrabawa a watan Mayu da Yuni. Sakamako kuwa yakan fito a tsakiyar damina, sa'ad da ruwa ke sauka a Duwala dare da rana. A da, mutane sukan kewaye rediyo, ana karanta sunaye ɗaya ɗaya, kowa ya kasa kunne. Yanzu akan manna takarda a makaranta, ko kuwa saƙo ya zo ta wayar hannu. Hanyar jin labari ta sāke, amma faɗuwar gaba tana nan yadda take. A wannan gida ana guɗa, a gidan da ke jikinsa an rufe ƙofa ana kuka.

To, ga abin da muke so ka riƙe. Takardar sakamako tana nuna inda yaro ya tsaya a yau, amma ba ta san inda zai ƙare ba. Daga fitar sakamako zuwa komawa makaranta a watan Satumba 'yan makonni ne kaɗai. Abin da gida ya yi cikin waɗannan makonni, sau da yawa ya fi jarrabawar kanta nauyi. Wanda ya ci yana iya yin hasarar shekara guda saboda sakaci. Wanda ya faɗi kuwa yana iya samun hanyarsa, domin an zauna an yi shawara a kan lokaci.

RANAR FARI, KA KAME BAKINKA

Kai uba, mun san abin da ke zuciyarka. Ka yi sammako zuwa kasuwa shekara duka, ka biya kuɗin makaranta, ka sayi littattafai, ga shi ba a ga sunan yaro ba. Ranka ya ɓaci, gaskiyarka ce. Amma kada ka yanke hukunci a wannan rana. Kada ka ce masa, "Ba ka da amfani." Kada ka nuna masa ɗan maƙwabci ka ce, "Dubi wane." Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yaron ya riga ya hukunta kansa tun ba ka buɗe baki ba.

Ke uwa, ki sa masa ido cikin kwanakin nan. In kin ga ya ƙi abinci, ya daina magana, yana kulle kansa a ɗaki, ko kuwa yana cewa gara ya mutu, kada ki ɗauki wannan wasa. Kada a bar shi shi kaɗai. Ki kira wanda yake jin maganarsa, kawunsa ko malaminsa, in abin ya daɗe kuma a kai shi wurin likita. Ana sake jarrabawa, ba a sake rai.

Kai kuma da ɗanka ya ci, ka yi murna, ka gode wa Allah. Amma kada ka kashe kuɗin Satumba wurin walimar Yuli.

KA SAN TSANIN DA YARO KE HAWA

Iyaye da yawa suna biyan kuɗi, amma ba su san matakin da ɗansu ke kai ba. Bari mu bayyana.

Kamaru tana da tsarin makaranta iri biyu, na Faransanci da na Ingilishi. A na Faransanci, yaro yakan gama firamare da takardar CEP. Bayan shekara huɗu a makarantar sakandare sai ya yi BEPC. Bayan shekara biyu kuma sai jarrabawar da ake kira Probatoire. Wanda bai ci wannan ba, ba ya shiga ajin ƙarshe. Bayan ajin ƙarshe sai Bakaloriya, wadda kowa ke kira Bak. A makarantar koyon aikin hannu kuwa, takardar CAP ita ce ke tsaye a matakin BEPC, a gaba kuma akwai Bak ta fannin sana'a da takardar BT.

A tsarin Ingilishi, bayan firamare yaro yakan yi shekara biyar ya yi GCE ta ƙasa, ya ƙara shekara biyu ya yi GCE ta sama. Tun shekarar 1993 aka kafa hukuma biyu domin waɗannan manyan jarrabawa: ofishin Bakaloriya a Yawunde, da hukumar GCE a Buea.

Me ya sa muke faɗa maka wannan? Domin kowane mataki yana da ƙofar fita da ƙofar shiga. Yaron da ya tsaya a kan BEPC ba ɗaya yake da wanda ya tsaya a kan Probatoire ba, shawararsu kuma ba ɗaya ba ce.

KA DUBA MAKI, KADA KA TSAYA GA SUNA

"Ya ci" ko "ya faɗi" rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin maki. A tsarin Faransanci ana auna yaro bisa 20, ma'aunin ci kuwa 10 ne. To, yaron da ya samu 9 da wanda ya samu 5, dukansu an ce sun faɗi. Amma na fari taki ɗaya ya rage masa, na biyu kuwa akwai ramin da aka bari a baya, tilas a koma a cike shi.

Saboda haka ka nemi takardar maki, ka haɗa ta da takardun zangon karatu na shekara duka. Ka ɗauki yaron ku tafi makaranta tare. A makarantun sakandare na gwamnati akwai malamin shawara, wanda aikinsa ke nan, ya duba ƙarfin yaro ya nuna masa hanya. In Faransanci bai zauna a bakinka ba, kada kunya ta hana ka. Ka tafi da wani ɗan'uwa ya yi maka tafinta. Ka tambayi malamin abu uku. A wane darasi yaron ke da ƙarfi? A wane darasi yake faɗuwa kullum? Yana zuwa aji kuwa kowace rana?

Tambaya ta uku takan buɗe asiri. Wani yaro ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Yana tsaron shagon ubansa har dare, ya shiga aji yana gyangyaɗi. Wata yarinya ita ke girki da wanki da reno, ba ta da sa'a guda ta buɗe littafi. Wani idonsa ne ba ya ganin allo, ba wanda ya lura. Wani kuma wayar hannu ce ta cinye darensa. In ba a gano ciwo ba, ko an maimaita aji sau uku, sakamako ɗaya za a gani.

GARE KA, KAI DA KA FAƊI

Ɗana, saurara. Faɗuwa tana da zafi, ba za mu ɓoye maka ba. Abokanka sun wuce, kai kana nan. Amma ba kai ne na fari ba. Cikin malaman da suka koya maka, da likitocin da ke asibiti, akwai waɗanda suka maimaita aji.

Hanya uku ke gabanka. Ta fari, ka maimaita ajin. In kaɗan ya rage maka, wannan ita ce hanya madaidaiciya, shekara guda kuma ba komai ba ce cikin ran mutum. Amma kada ka maimaita shekarar da halin bara. Ka soma da darasin da ya kā da kai tun cikin hutu, ka nemi tambayoyin shekarun baya, ka zauna da abokai biyu ko uku masu himma.

Ta biyu, in gida ba shi da ƙarfin biya, akwai makarantun yamma da yawa a Duwala. Mutum yana iya yin aiki da rana, ya yi karatu da yamma, ya rubuta sunansa ya shiga jarrabawa a kan kansa ba ta hannun makaranta ba. Hanyar tana da wuya, amma mutane suna binta suna ci.

Ta uku, ka sāke hanya. In ka yi iyakar ƙoƙarinka sau biyu, abin ya ƙi, mai yiwuwa ne baiwarka tana hannunka. Za mu yi maganar sana'a a gaba. Abin da ba mu so shi ne hanya ta huɗu, watau zaman bakin titi daga safe har dare, ba karatu, ba aiki. Nan ne mugun aboki ke samun yaro.

GARE KA, KAI DA KA CI

Barka da arziki. Amma aikinka bai ƙare ba.

In BEPC ka ci, yanzu za ka zaɓi reshe: na harsuna da adabi, ko na lissafi da kimiyya, ko kuwa makarantar aikin hannu, kamar babbar makarantar sana'a ta Kumasi a nan Duwala. Kada ka zaɓa domin abokinka ya zaɓa. Kai uba kuma, kada ka tura yaro reshen kimiyya domin kana so a kira ka baban likita, alhali kuwa lissafi ne ke kā da shi kowane zango. Wannan zaɓi shi ke buɗe wasu ƙofofi a gaba, ya rufe wasu.

In Bak ka ci, ko GCE ta sama, to ka san ƙofar makarantun gaba iri biyu ce. Akwai sassan jami'a da ake shiga da takardu kaɗai, kamar sashen shari'a, da na adabi, da na kimiyya. Akwai kuma manyan makarantu da ba a shiga sai da gasa, wadda ake kira konkur. Jami'ar Duwala, wadda aka kafa a 1993, tana da iri biyun. A ƙarƙashinta akwai IUT, inda ake koyon aikin fasaha, da ESSEC ta harkar ciniki, da ENSET mai horar da malaman sana'a, da makarantar injiniya, da sashen likitanci da haɗa magani. Tana da makarantar ilmin kifi da kamun kifi a Yabasi, da ta zane da ƙira a Nkongsamba. Karatun likita kuwa, tun 2013 gasa guda ake yi domin ƙasa duka.

Ga inda yara da yawa ke tuntuɓe. Ana buɗe rubuta suna domin gasa, a rufe, yaro yana can yana yawon karɓar barka. Wasu gasa suna da iyakar shekarun haihuwa, in ka wuce ka wuce ke nan. Saboda haka ka bi sanarwa tun da wuri. Ka shiga gasa fiye da ɗaya in akwai hali. Ka kuma rubuta sunanka a wani sashen jami'a, domin in gasa ta ƙi, kada shekara ta tafi a banza.

Ban da Duwala akwai jami'o'in gwamnati a wasu garuruwa. Ta Ngaundere ita ma tun 1993 take, ta Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa a 2022. In kana da dangi a can, wurin kwana da abinci za su yi maka sauƙi. Kuɗin rajista a sassan jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, watau jaka hamsin. Amma kai uba, kada ka lissafta wannan kaɗai. Ka sa kuɗin mota na kowace rana, da takardu, da abinci, da haya in yaron zai bar gari. Ka lissafta na shekara uku, ba na wata guda ba. Wanda ya soma gini bai auna aljihunsa ba, kango zai bari. In ƙarfinka bai kai ba, ka kira 'yan'uwa, ka shiga adashi tun yanzu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai kuma karatun shekara biyu, kamar BTS, wanda ke kai yaro bakin aiki da sauri.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Yanzu ga wata magana da ta shafe mu ƙwarai, watau maganar takardu. Ba a shiga jarrabawa ko gasa sai da takardar haihuwa. Wanda ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba, sai an bi ta kotu kafin ya samu, wannan kuwa yana cin lokaci.

Har wa yau ka duba yadda aka rubuta sunan yaro. Sunayenmu sukan sha wuya a hannun magatakarda. Suna guda, a takardar haihuwa an rubuta Mouhamadou, a takardar makaranta Mohamadou, a wata kuma Mamadou. Yarinya a nan Aïssatou ce, a can Aïchatou. A gida duk mutum ɗaya ne, amma a ofis mutum biyu ne ko uku. Harafi guda yana iya hana yaro shiga gasa. To, yau ɗin nan ka fito da takardun duka, ka jera su a tabarma, ka gwada suna da ranar haihuwa. In ka ga bambanci, ka nemi gyara tun ba a matsu ba. Ka yi wa yaro katin shaidar ɗan ƙasa in ya isa. Ka ajiye takardu na asali cikin leda a wuri mai tudu, gama ka san abin da ruwan Agusta ke yi wa ɗakunan New Bell.

SANA'A BA TA KASA KARATU BA

Ka tuna yadda unguwar nan ta samu. A shekarar 1914 Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, suka tura su bayan gari, wurin da aka kira New Bell. Daga baya wurin ya zama masaukin baƙi daga ko'ina, har da Hausawa. Kakannin da suka zo nan ba su zo da takardar Bak ba. Da goro suka zo, da shanu, da allura, da wuƙar fawa. Da waɗannan suka gina gidaje da masallatai, suka yi suna a kasuwa. Saboda haka ba mai raina sana'a sai wanda ya manta asalinsa.

Amma zamani ya juya. Duwala gari ne na tashar jiragen ruwa da masana'antu. Ana neman mai walda, da mai aikin lantarki, da mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, da makaniki, da mai gyaran waya, da tela mai iya yanka. Kamfani kuwa yakan tambayi takarda kafin ya duba hannu. Wanda ya haɗa sana'a da takardar shaida ya riƙe igiya biyu.

Akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙarƙashin ma'aikatar aiki da horon sana'a. Akwai kuma hukumar FNE, wadda aka kafa a 1990 domin taimakon masu neman aiki, tana da ofis a Duwala. Ka je ka tambaya da kanka. In kuwa wurin maigidan sana'a za ka kai yaro, ku yi magana a fili gaban shaidu: shekara nawa zai yi, me za a koya masa, wa zai ciyad da shi. Kada yaro ya shekara biyar yana sayo wa maigida abinci, bai taɓa riƙe sifana ba.

Yara da yawa sukan ce, "Ni babur zan hau, in riƙa ɗaukar fasinja." Gaskiya ne kuɗin yana zuwa a ranar. Amma bayan shekara goma, mai babur yana nan inda ya soma, in ma haɗari ya bar shi da ƙafafunsa. Wanda ya jure wa koyo kuwa ya buɗe nasa wuri, yana da yara a ƙarƙashinsa.

KADA A MANTA DA 'YA MACE

Kai uba, in ɗanka namiji ya faɗi, kakan ce ya sake gwadawa. In 'yarka ta faɗi, me kakan ce? A gidaje da yawa amsar ita ce aure. Har wadda ta ci ma, wani lokaci akan ce karatun ya isa haka. Ka auna wannan da adalci. In matarka ba ta da lafiya, kana so mace ta duba ta. To, 'yar wa za ta zama likita, in kowa ya cire tasa?

Karatun mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, malama ce, ta kuma aika mata cikin ƙauyuka suna koyar da mata. A zamaninmu ga Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, wadda aka aurar tana da shekara 17. Ba ta saki alƙalami ba, har littafinta ya ci wata babbar kyauta a Faransa a 2020, wadda 'yan makarantar sakandare ke zaɓen mai cinta. Ka kuma sani, dokar hukunta laifi ta Kamaru ta 2016 ta hana auren tilas, ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Ka ba 'yarka zarafin da ka ba ɗanka.

TARKO HUƊU A BAKIN HANYA

Na fari, mai sayar da gurbi. Zai zo ya ce ya san wani babba, ka kawo kaza a sa sunan ɗanka. Sau da yawa kuɗin ya tafi, sunan bai fito ba, ba ka kuwa da inda za ka kai ƙara. Haka nan mai sayar da takardar jabu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka bincika, aiki ya tafi, mutunci ya tafi.

Na biyu, makarantar da ba ta da izini. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa a Duwala, wasu nagari ne ƙwarai. Amma kafin ka biya ko dala, ka nemi ganin izinin ma'aikatar ilmi mai zurfi, ka tambayi jami'ar gwamnati da ke lura da ita. In Nijeriya ko Nijar ko wata ƙasa za ka tura yaro, ka tabbata Kamaru za ta karɓi takardar in ya komo.

Na uku, mafarkin ƙwallo. Kowane yaro a New Bell ya san Samuel Eto'o a unguwar nan ya tashi, har ya kai manyan ƙungiyoyin Turai. Amma ka ƙidaya waɗanda suka buga ƙwallo tare da shi a fili guda, yanzu suna ina? Ka buga ƙwallonka, ka riƙe littafinka. Ka yi hankali da mai cewa a ba shi kuɗi ya kai ka Turai gwaji.

Na huɗu, hanyar hamada. Yaron da ya ji kunyar faɗuwa, shi ne ke saurin jin kiran Agadas da Libiya. A ƙarshen 2017 duniya ta ga yadda ake sayar da baƙi a Libiya kamar dabbobi, aka kuma komo da 'yan Kamaru da yawa gida hannu wofi. Wasu ba su komo ba, hamada da teku sun riƙe su. Kai uba, muguwar kalma a ranar sakamako tana iya zama guzurin wannan tafiya.

ABIN DA ZA KA YI A MAKON NAN

Ka bar kwana biyu ko uku zuciya ta huce. Sa'an nan ka kira yaron, da uwarsa, ku zauna. Ka bar shi ya yi magana tukuna, ka ji abin da yake so da abin da yake tsoro. Ku duba maki. Ku je wurin malamin shawara. Ku jera takardu. Ku lissafta kuɗi. Ku zaɓi hanya ɗaya, ku ajiye ta biyu a gefe ko da ta fari za ta ƙi. Gaggawa ba ta da kyau a ranar fari, amma jinkiri ya fi ta muni in Satumba ta zo ba a shirya kome ba.

In ka gama karanta wannan takarda, kada ka ajiye ta cikin akwati. Ka miƙa wa maƙwabcinka, ko ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba iyaye haƙuri, ya ba yara himma.